Wasan harbin jirage: ga zaƙi, ga harbi

Karatunmu na yau a kan wasa ne. Kada ka ce wasa ba abin karatu ba ne. Wasan nan ya riga ya shigo gidajenmu. Yana cikin salular ɗanka. Wataƙila ma yana cikin taka. Yana cin lokaci, yana cin caji, wani sa'in har kuɗi yake ci. Baƙon da ya sauka a gidanka kuwa, ya kamata ka san sunansa, ka san daga inda ya fito, ka san abin da ya kawo shi.

Na tabbata ka taɓa jin ƙararsa. Tiu! Tiu! Tiu! In ka waiwaya sai ka ga yaro ya sunkuyar da kai, yatsunsa suna ta rawa a kan salula. Ka kira shi sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. Sai a na uku ya ce: "Ina zuwa, Baba." To, wasan ke nan. Yara suna ce masa wasan jirgi, ko wasan harbi.

Yadda wasan yake

Ba shi da wuyar ganewa. Za a ba ka ɗan jirgin sama guda a fuskar salula. Abokan gaba suna sauko maka garke-garke, kamar tsuntsaye sun hango gonar gero ta nuna. Suna jefo maka wuta. Kai kuma kana kaucewa dama da hagu, kana harbinsu. Duk wanda ka harbo, sai a rubuta maka maki a sama. Galibi rai uku ake ba ka. In wuta ta same ka sau uku, wasa ya ƙare, sai ka koma farko.

Abu uku ke nan: kaucewa, harbi, da tara maki.

Daga ina ya fito?

A shekarar 1978, wani kamfani na ƙasar Japan mai suna Taito ya fito da wasan da ake kira Space Invaders, wato mahara daga sararin sama. Wanda ya ƙera shi injiniya ne, sunansa Tomohiro Nishikado. A lokacin mutane ba su da salula. Wasan yana cikin wani babban akwati ne mai gilashi irin na tele. Ana ajiye akwatin a shago ko wurin shaƙatawa. Sai ka jefa masa kuɗi, ƙarfe guda na yen 100, kafin ya bar ka ka taɓa shi. Yen shi ne kuɗin Japan.

A cikin wasan akwai dodanni 55. Sun jeru layi 5, kowane layi dodo 11. Bari mu yi ɗan lissafi tare. Ɗauki allonka ko littafinka.

Layi 2 na ƙasa suna da dodanni 22. Kowane dodo maki 10 ne.
Layi 2 na tsakiya su ma dodanni 22 ne. Kowane dodo maki 20 ne.
Layin sama yana da dodanni 11. Kowane dodo maki 30 ne.

In mutum ya harbe su duka, maki nawa zai samu? Na ƙasa 220. Na tsakiya 440. Na sama 330. In ka tara ka samu 990, lissafinka ya yi daidai.

Akwai wani abin mamaki. Na'urar wancan zamani ba ta da ƙarfi. In dodanni suna da yawa, sai ta riƙa tafiyar da su a hankali, kamar jakin da aka labta wa kaya. In an harbe wasu, kaya ya ragu, sai sauran su ƙara sauri. Nishikado ya lura da haka, ya bar shi yadda yake, don ya ga wasan ya fi daɗi. Kiɗan wasan ma haka yake, yana ƙara sauri kamar bugun zuciyar mai tsoro.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe: wasan nan ba shi da ƙarshe. In ka gama da dodanni 55, wasu 55 za su fito, kuma sun fi na farko kusa da kai. Komai gwanintarka, a ƙarshe sai ka faɗi. In kana son sakewa, sai ka sake jefa kuɗi. Ka ajiye wannan magana a ranka, za mu dawo gare ta.

Bayan shi wasu suka biyo baya. Kamfanin Namco ya fito da Galaga a 1981. Kamfanin Capcom ya fito da wani mai suna 1942 a shekarar 1984, wanda ake harbin jiragen yaƙi a kan teku. Duka biyun kamfanonin Japan ne.

Mu nan, waɗanda suka fara ganin irin wasannin su ne mutanen birni masu kuran da tele. A shekarun 1990 na ga ƴan ƙananan na'urori a Maraɗi, waɗanda ake haɗawa da tele, a soka masu kaset. Ƙauye bai san da su ba. Salula ce ta kai wasan ƙauye. A shekarar 2000 kamfanin Nokia ya fito da salula mai lamba 3310, kuma a cikinta akwai wasan harbi mai suna Space Impact. A 2001 kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar. Sannu a hankali salula ta bazu, wasan ya biyo ta. Yau ga manyan saluloli masu shafawa, wasannin harbi a cikinsu ba su ƙirguwa.

Abin da masu wasan suke cewa

Aikin yaƙi da jahilci yana kai ni garuruwa da dama a kan babbar hanyar kwalta, wadda ta taso daga Gidan Runji, ta bi ta Tibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye, ta kai Gazawa. Duk inda na ga mai wasan, nakan zauna in tambaye shi: "Me kake ji in kana yi?" Amsoshin ba iri ɗaya ba ne. Ga wasu daga ciki.

Na farko wani saurayi ne mai koyon ɗinki a Agye. Shi yabo ya yi. Ya ce: "Malam, abin da ya sa nike son wasan ga, ba ya son kai. Ba ya tambaya ɗan wa ne kai. Ɗan sarki da ɗan talaka, rai ukku ne kowa. Wanda ya iya, shi ka cin maki." Su biyar ne a shagon. Sun rubuta sunayensu a jikin bango, kowa da makinsa mafi yawa. Wanda ya fi kowa, suna ce masa mai takobi, kamar zakaran kokowa. Na duba bangon. Akwai lambobi har na dubu goma-goma, kuma duk sun iya karanta su.

Ta biyu wata uwa ce daga cikin ɗalibaina a wani ƙauye kusa da Gazawa. Tana da tsohuwar salula mai maɓallai, wadda ɗanta ya bar mata da zai tafi ci-rani. Ta ce: "Malam, da ko kira ban iya ba. Tsoron taɓa ta nike, kada in ɓata wani abu. Jikana ya nuna mini wasan jirgi. Danna nan, Kaka, danna can. Da haka hannuna ya saba. Yanzu ko da duhu na san inda kowace lamba take." Na tambaye ta ko har yanzu tana yi. Ta yi dariya ta ce: "In na gama tuwon dare, nakan ɗan taɓa. Yana kore mini tunani."

Na uku magidanci ne mai shekara arba'in da wani abu, ɗan kasuwa a Cadawa. Shi Galaga ya sani tun yana yaro a Maraɗi. A cikin Galaga, babban dodo yana iya kama jirginka ya tafi da shi. In ka harbo dodon ba tare da ka taɓa jirgin ba, sai jirgin ya dawo ya manne da naka, ku zama biyu, wutarku ta zama biyu. Ya ce: "Ka gani, Malam? Ka ceto ɗan'uwanka, ƙarfinku ya ninka. Wasan da yana da hikima. Na yanzu hayaniya ce kawai da launi." Ɗansa yana gefe yana ji. Ya ce: "Baba, naku ai tafiyar hawainiya yake." Aka yi dariya. Wannan gardama tsakanin tsofaffin ƴan wasa da sababbi, na ji ta a wurare da yawa. Kowa yana ganin na zamaninsa ya fi.

Na huɗu ɗan kabu-kabu ne a tashar Agye. Shi ya daina, kuma da fushi yake magana. Ya ce: "Wasan ga maƙaryaci ne. Kullum sai ya nuna maka saura kaɗan ka ci. Ka ce bari in sake sau guda. Sau guda ta zama sau ashirin. Wata rana wani mai kayan aya ya yi ta kirana in ɗaukar masa buhu zuwa kasuwa. Salulata ta mutu, wasa ya cinye cajin. Ya kira wani. Aikin jika guda ya wuce ni saboda dodon ƙarya. Ran nan na goge shi."

Na biyar da na shida, a yankin Gidan Runji na same su. Ka san abin da ya faru a can. Tun daga shekarar 2019, dubban mutane suka tsallako iyaka daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina na Najeriya, suna gudun ƴan bindiga. Da yawa suka sauka a ƙauyukan gundumar Gidan Runji. Daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

Samari biyu daga cikin waɗannan baƙi sun zauna a ajina. Ƙauyensu ɗaya. Dare ɗaya suka gudo. Amma ra'ayinsu a kan wasan ya sha bamban.

Ɗayan, in aka kunna wasan kusa da shi, sai ya tashi ya bar wurin. Da na tambaye shi, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Malam, ni na ji ta gaske. Ba ni son ta wasa."

Ɗayan kuwa gwani ne, ba wanda ke kama shi. Na ce masa: "Kai ba ta dame ka?" Ya ce: "Malam, cikin wasan ga ni ke tsaron gari. Su ka zuwa, ni ka korar su. In na faɗi, ina da sauran rai biyu. Can garinmu rai guda ne, kuma gudu munka yi."

Ɗan'uwa, ka sake karanta maganar samarin nan biyu. Wasa ɗaya ne, ƙara ɗaya ce. Ga wannan ciwo take tayarwa, ga wancan sauƙi take kawowa. Kowannensu gaskiyarsa ya faɗa. Abin da na roƙi ƴan ajin shi ne, wanda zai yi wasan a cikin mutane ya kashe ƙarar. Ba ka san abin da kunnen maƙwabcinka ya taɓa ji ba.

To, ni me na gani?

Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi. Duk mutanen nan shida, babu wanda ya yi ƙarya. Wasan yana sa ido da hannu su yi sauri. Yana sa mutum ya saba da salula da lambobi. Yana ɗebe kewa. Wannan shi ne zaƙin.

Harbin kuma yana nan inda na ce ka ajiye a ranka. Tun asali an ƙera wasan ne don ka faɗi, ka sake biya. Mai akwati ba ya samun kuɗi in ka yi sau ɗaya ka tafi gida. A yau akwatin ya koma salula, amma dabarar tana nan. Za a ce maka wasan kyauta ne. In ranka uku suka ƙare, sai a ce ka kalli talla a ƙara maka rai, tallan kuma yana cin kuɗin intanet ɗinka. Ko a ce ka sayi babbar bindiga. A wurin masu gidan wasa kuma, kowane zagaye da kuɗinsa.

Mu sake lissafi. A ce yaro yana kashe dala 10 kowace rana, tsakanin caji da wasa. Dala 10 ita ce sefa 50. A kwana 30 ya kashe dala 300, wato jika 1 da rabi. A kwana 365 ya kashe jika 18 da dala 50. Kai ka san farashin hatsi a kasuwarku. Tiya nawa ke nan? Littafi nawa? Takalmi nawa?

Akwai kuma bambanci tsakanin wasa da wasa. Wanda muke magana a kansa, jirage da dodanni ake harbi. Amma akwai wasu da ake harbin surar mutane, kamar Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG da ya shigo salula a 2018. Waɗannan ana yin su ne ta intanet, tare da mutanen da yaro bai sani ba, kuma suna iya magana da shi. Ni a ganina ba wasan salula ne ya kawo mana ƴan bindiga ba. Amma ƙaramin yaro ya wuni yana harbin surar mutum, yana hira da baƙin da iyayensa ba su sani ba, wannan ban yarda da shi ba. Ka duba ka gani wane iri ne a hannun ɗanka.

Likitoci ma sun yi magana. A shekarar 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan na'ura a cikin jerin cututtuka. Ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan. Ta ba da alamomi uku. Ta farko, mutum ya kasa tsayar da kansa. Ta biyu, wasan ya fi masa komai, ya fi aiki, ya fi karatu, ya fi zama da iyali. Ta uku, ya ga wasan yana cutar da shi amma ya ci gaba. Galibi sai abin ya kai wata 12 yana ɓata rayuwar mutum kafin a kira shi cuta. Ke nan ba duk yaron da ka gani da salula ba ne marar lafiya. Amma in ka ga alamomin nan, kada ka yi shiru.

Sassabin zamani

Wasu iyaye suna ƙwace salular su fasa. Wasu suna zuba ido, ba ruwansu. Ni na fi son dabarar manoman Agye.

Da, in manomi ya ga tohon icce a gonarsa, sarewa yake ya ƙone. Gonaki suka zama fili, iska tana binne shuka da rairayi. Daga shekarun 1980 aka fara sassabin zamani a yankin Maraɗi. Manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agye, sun yi suna a kan wannan aiki, har baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani. Yau gonakinsu cike suke da itatuwa.

Haka za mu yi da wasan yara. A sassabe shi, a bar mai amfani. Ga abin da nake ba ɗalibaina shawara:

Ka zauna kusa da ɗanka ka kalli wasan, ko sau ɗaya ne. Gani ya kori ji.

Ka ce ya nuna maka makinsa. Kai ka karanta lambar da ƙarfi. In ka yi kuskure ya gyara maka. Zai ji daɗi ƙwarai, kai ma ka ƙaru.

Ku yanka lokaci tare. A gama aikin gida, a ba dabbobi ruwa, a yi karatun lakwal, sannan wasa. In lokaci ya cika, a ajiye.

Da dare salula ta kwana a wurinka. Yaron da ya kwana yana harbin dodanni, gyangyaɗi zai yi a aji.

Kada kuɗin wasa ya fito daga kuɗin cefane ko na talla. In yaro ya fara ɗaukar abin da ba a ba shi ba, to maganar ta wuce wasa.

Kada a bar wasanninmu su mutu. Langa tana nan, dara tana nan, kokowa tana nan. Su jiki suke motsawa, kuma ba sa cin caji.

Kai ma babba, ka duba kanka. Ba za ka hana yaro abin da yake ganin kana yi har tsakar dare ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu ka iya karatu, ka iya lissafi. Abin da ke rubuce a fuskar salula ya daina zama asiri a gare ka. Ka yi amfani da wannan a gidanka.

Mu tattauna

1. A wace shekara Space Invaders ya fito, kuma a wace ƙasa?
2. Cikin mutane shida da suka yi magana, ra'ayin wa ya fi kwanta maka? Don me?
3. Me ya sa wani saurayi yake barin wurin in an kunna wasan?
4. In yaro yana kashe dala 20 a rana, nawa zai kashe a kwana 30?
5. Ka tambayi wani mai wasan a gidanku ko unguwarku abin da yake ji. Ka rubuta amsarsa a layi uku, ka kawo aji mu karanta tare.